Sukarin Jini a Ƙarƙashin Dokar Hana Fita: Halin da Masu Ciwon Sukari Suka Shiga a Adawlato da Zangon Lome a 2020

Unguwar Adawlato tana tsakiyar tsohon birnin Lome, 'yar tazara kaɗan daga bakin teku, kuma ita ce mazaunin Babbar Kasuwa, wadda cinikinta ya daɗe da cika gini ya malalo tituna tun kafin gobarar watan Janairun 2013 ta cinye babban benenta. A cikin waɗannan tituna, daura da rumfunan matan da suka yi suna wajen fataucin atamfa, akwai Hausawa da Zabarmawa da Kotokoli da Yarbawa masu sayar da yadi da takalma da agogo da turare, akwai 'yan canji da dillalai, akwai mahauta da masu tsire da masu shayi, kuma mafi yawansu abin da suka samu da rana shi ne abin da gida zai ci da dare.

Da yawa daga cikinsu ba a nan suke kwana ba. Tsohon Zangon Lome, wanda asalinsa ya koma ga fataken Hausa da suka sauka a garin tun ƙarshen ƙarni na 19, yana cikin gari ne kusa da kasuwa, har zuwa shekarar 1977 da hukuma ta rushe shi ta mayar da mutanensa wani fili mai nisan kimanin kilomita 15 arewa da birni, a yankin Agoè, kamar yadda masanin al'umma ɗan Faransa Michel Agier ya bayyana a littafin da ya wallafa a 1983 a kan fataken wannan zango. Tun daga lokacin rayuwar mutane da yawa ta kasu gida biyu, wato kwana a Zango da wuni a Adawlato.

Ga mai ciwon sukari wannan kai da kawowa ta fi ƙarfin neman abinci kawai, domin a cikinta ne yake samun kuɗin magani, a cikinta yake motsa jiki ba tare da ya ƙudura ba, kuma ita ce ke tsara masa lokutan cin abinci. Dokokin da aka kafa domin daƙile cutar korona a 2020 ba su rufe kantunan magani ba, amma sun taɓa waɗannan abubuwa uku a lokaci guda, kuma su ne sukarin jinin talaka yake dogara a kansu.

Kulle ba tare da an garƙame gida ba

An tabbatar da mutum na farko da ya kamu da korona a Togo ranar 6 ga Maris na 2020, kuma bayan kimanin mako biyu gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa da makarantu da masallatai da majami'u, ta kuma hana shiga da fita a biranen Lome da Tsevie da Kpalime da Sokode. Ranar 1 ga Afrilu Shugaba Faure Gnassingbé ya ayyana dokar ta-ɓaci ta fannin lafiya, aka kafa runduna ta musamman mai mutum 5,000 domin tabbatar da bin umarni, aka kuma sanya dokar hana fitar dare a Lome da kewayenta daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe, wadda daga baya aka sassauta sa'o'inta kafin a ɗage ta a farkon watan Yuni.

Togo ba ta tsare mutane a gida dare da rana ba kamar yadda aka yi a Legas da Abuja da Kano, kuma wannan zaɓi yana da hujja mai ƙarfi, domin a garin da yawancin jama'a suke hannu baka hannu ƙwarya, hana fita baki ɗaya daidai yake da hana cin abinci. Kasuwanni sun ci gaba da buɗewa, da bokitan wanke hannu a ƙofofi da takunkumi a fuskoki. Sai dai kasuwar Adawlato ba ta mutanen Lome kaɗai ba ce. Masu sari da ke zuwa daga Gana ta iyakar Aflao, wadda ke manne da birnin, da masu zuwa daga Benin da Najeriya da Nijar da Burkina Faso su ne ke ɗaga ciniki, ga shi kuma Najeriya ta riga ta rufe tata iyakar tun watan Agustan 2019. Rumfa tana buɗe, amma mai saye ba ya zuwa.

Abin da ake nufi da daidaita sukari

Abincin da mutum ya ci, musamman hatsi da rogo da doya da kayan zaƙi, yana narkewa ya zama sukari a cikin jini, sannan wani sinadari da ake kira insulin, wanda wata gaɓa da ke bayan tumbi mai suna fankiriyas take samarwa, ya shigar da sukarin cikin tsoka da hanta domin jiki ya yi aiki da shi. A nau'in ciwon na farko, wanda ya fi kama yara da matasa, jiki ya daina samar da insulin, saboda haka mai shi ba zai rayu ba sai da allura kowace rana. A nau'i na biyu, wanda shi ne na kusan mutum tara cikin kowane goma da ke da ciwon, insulin yana nan amma ba ya isa ko kuma jiki ba ya amsa masa yadda ya kamata, kuma ana bi da shi ta hanyar gyaran abinci da motsa jiki da ƙwayoyi, wani lokaci har da allura.

A Togo, kamar sauran ƙasashen da ke aiki da Faransanci, ana auna sukari da giram a cikin litar jini. Idan gwajin safe kafin karyawa ya kai giram 1.26 ko fiye a karo biyu, likita zai ce akwai ciwon, idan kuma ya sauka ƙasa da giram 0.70, to sukari ya faɗi, abin da ke zuwa da rawar jiki da gumi da jiri, har ya kai ga suma. Wanda ya saba gwaji a Kano ko Akara zai ga giram 1.26 ɗin a matsayin 126 ko kuma 7, gwargwadon ma'aunin na'urar, kuma wannan bambanci ya isa ya rikita bafataken da ke karɓar magani a ƙasa biyu.

Akwai kuma gwajin da ake kira HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin jini na wata biyu zuwa uku da suka wuce, inda ake so yawancin manya su tsaya a wajen kashi 7 cikin 100. Shi ne gwajin da zai fi bayyana abin da watannin kulle suka yi wa jiki, amma ya fi gwajin yatsa tsada, kuma sakamakonsa kan karkace ga masu ƙarancin jini da masu cutar sikila, waɗanda ba kaɗan ba ne a wannan yanki.

Binciken da gwamnatin Togo ta yi da tallafin Hukumar Lafiya ta Duniya a 2010 ya gano ciwon sukari a jikin kusan mutum uku cikin ɗari na waɗanda aka gwada, wanda aka maimaita a 2021 kuma ya nuna kusan biyar cikin ɗari, ko da yake shekarun mutanen da aka gwada sun ɗan bambanta a bincike biyun. Ƙungiyar ciwon sukari ta duniya, IDF, ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ne ke da ciwon a Afirka, kuma fiye da rabinsu ba su san suna da shi ba.

Inda zaman gida ya gyara sukari

Wani abin mamaki da ya fito daga Turai a farkon annobar shi ne cewa zaman gida ya gyara sukarin wasu marasa lafiya. Likitoci a Italiya da Sifaniya da Birtaniya, da suka duba bayanan masu nau'in ciwon na farko waɗanda ke ɗauke da wata 'yar na'ura a fata mai auna sukari dare da rana, sun tarar cewa da yawansu sun fi samun daidaito a makonnin kulle, saboda sun daina gaggawar fita aiki, suna cin abincin gida a kan lokaci, suna barci isasshe. Ga masu nau'i na biyu sakamakon ya zo a gauraye, inda wasu suka ƙara ƙiba, sukarinsu kuma ya hau.

Kuskure ne a ɗauki wannan sakamako a ɗora shi a kan Lome. Mutumin da aka auna a Turai albashinsa yana shigowa ko ya fita ko bai fita ba, insulin ɗinsa hukuma ko inshora ke biya, yana da firji da wutar da ba ta ɗaukewa, likitansa kuma yana ganin lambobinsa ta intanet. Abin da kulle ya ba shi lokaci ne, alhali duk sauran buƙatunsa suna hannu. Mai rumfa a Adawlato shi ma ya sami lokaci, sai dai an cire masa kuɗin da lokacin yake samar masa.

Magani daga cinikin yini

A 2020 hukumar inshorar lafiya ta Togo, INAM, wadda aka kafa a 2011, ma'aikatan gwamnati da iyalansu ta fi ɗauka, don haka ɗan kasuwa daga aljihunsa yake biyan ganin likita da gwaji da ƙwaya da allura da tsinken gwajin sukari. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar a lokacin sefa 35,000 ne a wata, kuma ciwon sukari ba irin zazzaɓin cizon sauro ba ne da za a yi masa magani na kwana uku a huta. Kuɗinsa kullum ne, har ƙarshen rayuwa.

Idan ciniki ya ja baya, akwai tsarin da masu ƙaramin ƙarfi kan bi wajen rage kashe kuɗi, kuma likitocin ciwon sukari a ko'ina a Afirka ta Yamma sun san shi. Tsinken gwaji ake fara bari, tunda shi ba magani ba ne. Daga nan a raba ƙwaya biyu, ko a sha ta safe a bar ta dare, ko a rage allura domin kwalba ta ƙara kwanaki. A ƙarshe a daina shan maganin sai ranar da mutum ya ji a jikinsa cewa "sukari ya hau", alhali sukari yana iya yin wata da watanni a sama yana cin jijiyoyin ido da ƙoda da ƙafa ba tare da wata alama ba.

Akwai haɗari na biyu wanda ba a cika ambatonsa ba. Ƙwayar metformin, wadda aka fi fara ba masu nau'i na biyu, da wuya ta faɗar da sukari ita kaɗai, amma glibenclamide, wadda ta yaɗu saboda arha, tana tilasta wa jiki fitar da insulin ko an ci abinci ko ba a ci ba. Dattijon da ya sha ta da safe sannan abincin rana bai samu ba yana iya faɗuwa a sume, kuma idan wannan ya faru da tsakar dare a lokacin da aka hana fita, neman abin hawa zuwa asibiti wani aiki ne daban. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun yi ta kokawa da duka da cin zarafin da aka zargi jami'an dokar hana fita da aikatawa, har gwamnati ta canza shugabancin rundunar a ƙarshen Afrilu, kuma irin wannan labari ya isa ya sa iyali su zaɓi jiran wayewar gari.

Gwamnati ba ta naɗe hannu ba. Ranar 8 ga Afrilu ta ƙaddamar da shirin Novissi, wanda ke tura kuɗi ta wayar hannu ga masu sana'ar da dokar ta taɓa, sefa 12,250 a wata ga mace, 10,500 ga namiji, kuma cikin 'yan makonni ya kai ga fiye da mutum rabin miliyan, yawancinsu mata. An kuma ɗauke wa ƙananan gidaje wani kaso na kuɗin ruwa da wuta na wata uku. Shirin ya sami yabo a duniya, kuma ya cancanci yabon. Sai dai rajistarsa da katin zaɓe ake yi, wanda hukuma ta zaɓa domin ya fi katin ɗan ƙasa yawa a hannun jama'a, ganin cewa ba a daɗe da yin zaɓen shugaban ƙasa na watan Fabrairu ba. Ma'anar haka ita ce baƙon da ya zo daga Maraɗi ko Tawa ko Sakkwato, ko da ya shekara ashirin yana biyan kuɗin rumfa, ba ya ciki. A Zango irin waɗannan mutane suna da yawa, kuma abin da ya rage musu shi ne tsohon tsarin da aka sani, wato maigida da 'yan uwa da adashi da zakka.

Tukunya da ƙafa

Abincin Lome na yau da kullum na sitaci ne: tuwon masara da ake kira akume, da sakwara, da garin rogo, da shinkafa da wake, da burodi, da koko da ƙosai da safe. Idan kuɗi ya ragu, kifi da nama da ganye ake fara janyewa daga tukunya, a ƙara gari da shinkafa domin ciki ya cika, kuma abin da ya fi arha shi ne ya fi saurin ɗaga sukari. Shawarar da ake ba mai ciwon cewa ya rage tuwo ya yawaita miya da ganye da wake tana da kyau, amma a gidan da mutum goma sha ke ci daga tukunya ɗaya, ba mai dafa wa mutum ɗaya nasa daban.

Motsin jiki ma ya ragu ta hanyar da ba a lura ba. Ɗan kasuwa ba ya cewa yana motsa jiki, amma tsakanin tasha da rumfa, da ɗauko kaya daga sito, da bin bashi, da zuwa masallaci sau biyar, yakan yi tafiya mai tsawo a yini. Tsokar da ke aiki tana jan sukari daga jini ko da insulin ya yi ƙaranci, shi ya sa tafiyar minti talatin, musamman bayan cin abinci, take da tasiri a fili a kan na'urar gwaji. Da aka rufe masallatai aka kuma taƙaita zirga-zirga, sai zama ya yi yawa, ga damuwar bashi da kuɗin haya, wadda ita ma take sa jiki ya saki sinadaran da ke ɗaga sukari.

Azumi tsakanin magariba da ƙarfe takwas

Watan Ramadan na shekarar 2020 ya kama a wajen 24 ga Afrilu, aka yi Ƙaramar Salla a wajen 24 ga Mayu, wato azumin gaba ɗaya ya faɗo cikin dokar hana fita, a daidai ƙarshen watannin zafi na Lome. Rana tana faɗuwa a birnin da misalin ƙarfe 6, saboda haka a makonnin farko sa'a biyu kacal ke tsakanin buɗa baki da shigar doka, kuma wanda ke komawa Agoè daga Adawlato dole ya tashi kasuwa da wuri. Babu tafsiri a masallaci, babu asham cikin jam'i, alhali tsayuwa da ruku'u da sujada na asham, da tafiyar zuwa da dawowa, su ne motsin da kan rage hawan sukari bayan kunu da zoɓo da dabino da soye-soyen buɗa baki.

Azumin mai ciwon sukari magana ce da malamai da likitoci suka daɗe da zama a kanta. Wani babban bincike da aka yi a ƙasashen Musulmi 13 a 2001 ya nuna cewa kusan kashi 80 cikin 100 na masu nau'i na biyu suna azumtar aƙalla rabin watan, kuma faɗuwar sukari mai tsanani tana ninkawa sau da yawa a cikinsa. A 2009 Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na Sharja, ta kasa masu ciwon gwargwadon haɗarin da ke kansu, ta kuma yanke cewa waɗanda haɗarinsu ya yi tsanani su sha azumi. Ƙa'idar da IDF da ƙawayenta suka fitar ta ce a karya azumi nan take idan sukari ya sauka ƙasa da giram 0.70 ko ya haura giram 3, kuma huda yatsa domin gwaji ba ya karya azumi.

Wannan ƙa'ida tana aiki ne ga mai na'ura da tsinke. Ana kuma so mai ciwon ya ga likita makonni shida zuwa takwas kafin azumi domin a sauya masa lokaci da yawan magani, kuma a 2020 waɗannan makonni sun faɗo daidai lokacin da korona ta shigo ƙasar. Majalisin tafsiri, inda malami kan tunatar da jama'a rangwamen da shari'a ta yi wa mara lafiya, shi ma ba ya nan, sai abin da aka ji a rediyo ko aka turo ta WhatsApp. A cikin jama'ar da dattijo ke jin nauyin a gan shi yana cin abinci da rana a gaban 'ya'ya da jikoki, zaman gida ya ƙara wahalar shan azumi, domin idon iyali yana kansa yini guda.

Tsoron asibiti

An keɓe asibitin yanki na Lome-Commune domin masu korona, manyan asibitocin koyarwa guda biyu, Sylvanus Olympio da Campus, suka ci gaba da karɓar sauran marasa lafiya. Amma saƙon da ya fi shiga kunnen masu ciwon sukari shi ne cewa su ne cutar ta fi kashewa, kuma saƙon gaskiya ne. A Ingila kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda korona ta kashe a asibiti a watannin farko suna da ciwon sukari, ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na Afirka kuma ya bayyana a 2021 cewa a ƙasashe 13 da aka duba, kimanin mutum goma cikin ɗari na masu ciwon sukari da suka kamu sun rasu, alhali a cikin jama'a baki ɗaya bai kai uku cikin ɗari ba.

Wanda aka gaya wa haka, sannan aka ce ya je wurin da masu tari da zazzaɓi ke taruwa, ba abin zargi ba ne idan ya ƙi zuwa, balle ga tsoron a killace shi nesa da iyali. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a ƙasashe 155 a watan Mayun 2020 ya gano cewa a kusan rabinsu kula da masu ciwon sukari ya tsaya ko ya ragu. Abin da jinkiri ke jawowa sananne ne. Ƙaramin miki a ƙafar da jijiyoyinta suka mutu, wanda mai shi ba ya jin zafinsa, yana iya ruɓewa cikin makonni har ya kai ga yanke ƙafa. Yaron da insulin ɗinsa ya yanke kuwa, jininsa yana yin tsami cikin kwana ɗaya ko biyu, ya fara amai da numfashi mai zurfi, alamun da a watan Afrilun 2020 kowa zai iya ɗaukar su a matsayin korona.

Abin da ya faru a Kano a daidai wannan lokaci ya nuna yadda cututtukan biyu suke cakuɗewa. Da mace-mace suka yawaita a birnin a watan Afrilu, gwamnatin jihar ta danganta su da hawan jini da ciwon sukari da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro, daga baya kuma Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya ce daga cikin kusan mutum dubu da aka bincika mutuwarsu, rabi ko fiye suna da alaƙa da korona a kan wata cuta da suke da ita tun farko. An yi ta jayayya a kan wane bayani ne daidai, alhali biyun ba sa karo da juna, domin dattijo mai ciwon sukari da asibitinsa ya rufe yana iya mutuwa ta kowace hanya daga cikinsu. Togo ta ƙirga ƙasa da mutum 300 da korona ta kashe a tsawon annobar, adadin da hukuma ke da dalilin alfahari da shi, amma wanda sukari ya kashe a gida saboda tsoron asibiti ba a cikin wannan lissafi yake ba.

Hatta maganin korona ya zo da tasa matsalar. Dexamethasone, wanda masu bincike a Oxford suka nuna a watan Yunin 2020 cewa yana ceton waɗanda numfashinsu ya yi tsanani, yana ɗaga sukarin jini sosai, kuma magani ne mai arha da ake samu ba tare da takardar likita ba a kasuwanni da yawa na yankin.

Randa da sassaƙe

Insulin yana son sanyi, tsakanin digiri 2 zuwa 8 kafin a buɗe kwalba, abin da ke da wuya a gidan haya marar firji. Dabarar da aka daɗe ana yi ita ce a sa kwalbar cikin leda a ajiye ta a randa ko a cikin jiƙaƙƙen yashi tsakanin tukwane biyu na ƙasa, irin dabarar da malamin nan na Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa domin adana kayan lambu. Wani bincike da Jami'ar Jeneba ta yi tare da ƙungiyar likitoci ta MSF, aka wallafa a 2021, ya nuna cewa kwalbar da aka fara amfani da ita tana riƙe ƙarfinta har mako huɗu ko da zafi yana kai da kawowa tsakanin digiri 25 da 37. Wannan labari ne mai daɗi ga mazauna Zango, domin ya nuna cewa rashin firji bai kai tsadar kwalbar zama matsala ba.

Inda ƙwaya ta gagara, ganye ke shiga. Shuwaka da garafuni da zogale da hulba da darbejiya duk ana shan su domin sukari, kuma masu sayar da su suna da hujjar da ba a raina ta, cewa suna kusa, suna ba da bashi, suna kuma magana da harshen mara lafiya. Likitoci ba su musanta cewa wasu daga cikin waɗannan tsirrai suna ɗan rage sukari ba. Abin da suke ja a kai shi ne rashin ma'auni, da haɗa su da ƙwaya ba tare da gwaji ba, da kuma mai da'awar cewa yana warkar da ciwon baki ɗaya, wanda kan sa mutum ya ajiye allurarsa. Ga kuma ƙwayoyin da ake sayarwa a kan tire a rana, matsalar da ta sa shugabannin wasu ƙasashen Afirka suka yi taro a kan jabun magunguna a nan Lome a watan Janairun 2020, makonni bakwai kafin korona ta shigo.

Abin da aka yi wa wasu cututtuka

Annobar ta nuna cewa ana iya kai wa mara lafiya magani ba tare da ya yi ta zarya asibiti ba. A ƙasashen Afirka da dama an riƙa ba masu cutar ƙanjamau maganin wata uku ko shida a lokaci guda, kuma hakan ya yiwu ne domin maganin kyauta ne, kamar yadda yake a Togo tun 2008, akwai kuma rajistar sunayensu da ƙungiyoyin da ke bibiyarsu. Mai ciwon sukari ko an rubuta masa maganin wata uku, kuɗin mako ɗaya yake da shi. Senegal kuwa tun 2014 take tura wa masu ciwon sukari gajerun saƙonnin waya a lokacin azumi, kuma ƙasar da ta iya tura kuɗi ga mutum rabin miliyan ta waya cikin makonni ba za ta gaza yin irin wannan da Hausa da Kotokoli da Ewe ba.

Da allurar rigakafin korona ta iso Togo a watan Maris na 2021, an fara da ma'aikatan lafiya da waɗanda suka haura shekara 50, sannan masu cututtuka irin su ciwon sukari da hawan jini, iyakokin ƙasa kuma ba a buɗe su a hukumance ba sai a 2022. A watan Oktoban 2021 majalisar dokoki ta amince da dokar inshorar lafiya ta kowa da kowa, wadda ta fara aiki a watan Janairun 2024 a hannun INAM da asusun ma'aikata na CNSS. Waɗanda aka fara ɗauka su ne masu albashi na gwamnati da na kamfanoni da 'yan fansho, masu sana'ar kansu kuwa, wato 'yan kasuwa da mahauta da masu babur ɗin haya, aka bar su zuwa zagaye na gaba.